Ba Bango Suke Bi Ba

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Maƙwabcina tela ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne.

Tun shekarar da gada ta karye, kina goye, masu binciken nan da ke bin gida-gida da tambayoyi suke zuwa layinmu duk bayan 'yan shekaru. Gidajen da suka zaɓa da farko su suke komawa, tambayoyin ma ba sa canzawa: ina kuke ɗiban ruwa, yara nawa ke makaranta, wa ya rasu. Na taɓa yi musu tsiya, suka ce wanda ya sauya mudu ba zai san ko hatsinsa ya ƙaru ba. Yanzu mutanen gidajen nan duk sun watse, saura ni. Daga bakina suka ji zamanin rijiya, daga bakina suka ji zuwan famfo. In na tashi, wa za su tarar? Don haka maganar in koma wurinki, a bar ta. Faɗuwar da na yi na bugu a gwiwa ma ba ta kai yadda aka kai miki labari ba.

Ki gaida kowa.
Babanki

Auta,

Ina gaisuwa. Yaya jikin ƙaramin?

Masu binciken sun zo. Wata yarinya ce sa'arki, ta zauna a dakali, muka yi ta yi har inuwa ta juya. Na gaya mata saboda su nake zaune ni kaɗai. Sai ta ce ai mutane suke bi, ba bango ba. Duk wanda ya tashi, suna cim masa inda ya koma. Tsoho ya koma hannun 'yarsa ma, wai canji ne da suke son sani. Kin ji, ashe ni kaɗai nake gadin abin da ba a ba ni gadi ba!

Na tambaye ta ko tsohon maƙwabcinmu mai gyaran keke na nan da rai, ta ce amsar wani ba ta faɗa wa wani. Wannan ya burge ni. In yana nan, na san ƙarya yake zuba musu, dole a samu mai faɗin daidai.

Kada ki ce gwiwa ce ta kore ni. Zan koma wurinki, amma ɗakin da ke kallon titi nake so. Gobe da safe zan kira kafinta ya kwance gadon.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki