Wutsiyar Doki a Cikin Gajimare

Zuwa ga babbar 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin mahaifiyarki, ya ƙannenki? Auta ya daina cin sabulu? Ni lafiya ƙalau, tuƙin motar kaya ba fashi.

Ranar hutu abokin ɗakina ya sa mana fim ɗin wata mata da rayuwa ta ishe ta, ta kama wasan haɗa hoto, irin wanda ake yayyankawa gutsi-gutsi a zuba a kwali. Tana gamawa wai ta gano kanta. Na ce ikon Allah, ashe ɓata ta yi? Ni ma da aji huɗuna na ce bari in nemo nawa kan, na sayo mai gutsure ɗari biyar.

Sati uku ina fama. Jiya abokin ɗakin nawa ya leƙo ya ce, “Direba, ai wutsiyar doki ka danna a tsakiyar gajimare.” Muka yi ta dariya. Ni kuwa wallahi hazo-hazo nake gani, na idon dama ya fi yawa. To, na gano kaina, sai dai ba irin na matar nan ba.

Litinin kamfani zai gwada idon direbobi. Wanda ya faɗi, sai gida. Ƙila gajiya ce kawai, kada ki tayar wa mahaifiyarki da hankali. Ki sa ni a addu'a, ki riƙe karatunki. Allah ya yi miki albarka.

In za ki amsa, ki yi rubutun manya-manya. Wasiƙarki ta baya abokin ɗakina ne ya karanta min, na ce masa hannuna duk baƙin mai ne.

Babanki