Silon Motar Baba

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na san waya ba ta da amfani a wurinka tun da kunnen ya ƙi, shi ya sa na ba direban motar haya wannan takarda.

Baffa, hankalina a tashe yake. Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, abu ɗaya ya rage masa. Kullum da safe nakan zaunar da shi a tsohuwar motarsa in tayar, ya lumshe ido yana sauraren injin kamar minti goma. Sai ya ce, "To, mun iso," sannan ya yarda ya ci abinci. Motar ko ƙofar gida ba ta fita.

Yau kwana uku ke nan ta ƙi yin silo. Tana tashi lafiya lau, amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi kakari, ta girgiza, ta mutu. Na gwada danne totur ɗin a ɓoye, ya buɗe ido ya ce, "Ke, wa kike ruɗa?" Ya ce ba mu iso ba, shi kuma ba ya cin abinci a hanya. Shayi kawai yake kurɓa. Likita ya ce in aka kai Litinin a haka, sai dai a zura masa robar abinci ta hanci.

Makanikai biyu na kawo. Na farko ya yi ta neman inda zai jona kwamfuta. Na biyu ya ce a sayo sabon kafireto, wanda ko a mafarki babu shi a kasuwa. Na san shekara tara ba kwa magana da Baba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Amma kai ne ka riƙe motar nan tun kafin a haife ni. Don Allah ka taimake ni.

'Yarka,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Kada ki sake barin yaran nan su taɓa ta.

Ke da kike kwance keken ɗinki ki mayar, wannan ba zai gagare ki ba. A gindin kafireton akwai ƙaramin sukuru mai sifirin. Ɗaure shi a hankali har ya zauna, ba da ƙarfin tsiya irin na ubanki ba, sannan ki warware zagaye ɗaya da rabi. Ki cire ɗan jet na silo, wato ɗan bututun da mai ke bi, ki hure shi. Kada ki zura masa allura, na san halin teloli.

In ba ta daidaita ba, cire murfin iska, ki tayar, ki rufe rabin bakin kafireton da tafin hannu, ki faɗa mini abin da ta yi.

Sannan ki gaya mini gaskiya: me kika taɓa kafin ta soma? Mota ba ta yin fushi haka kawai.

Allah ya ba shi lafiya.
Baffanki

Baffa,

Ina gaisuwa. Na yi duka, ba ta sake zani ba. Sai dai da na rufe da hannu, ta ƙara ƙarfi ta zauna daram, ina ɗagawa ta mutu. Akwai kuma wani ɗan fito da nake ji siriri, na rasa daga ina yake.

Ka ce in faɗi gaskiya. Ranar Talata na wanke injin. Gani na yi ya yi baƙi ƙirin, na ce bari in faranta wa Baba. Na goge, na tsince tarkace: tsumma, busassun ganye, har da wani guntun fensir da ya maƙale a bakin wata 'yar roba a ƙasan kafireton. Da ƙyar na zare shi da filaya. Duk na zuba a shara.

Jiya da na ɗaga Baba zan canja masa riga, na ji ba nauyi a hannuna. Tsoro nake ji, Baffa. Yau Asabar.

Auta

Auta,

Kin kashe ni! Fensirin nan ya girme ki.

Wata tafiya muka yi ni da Yaya, wato ubanki, murfin wannan robar ya faɗi a daji, motar ta riƙa shan iska ta ɓarauniyar hanya tana mutuwa. Na ce a nemi murfi na gaske. Ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya karya ya cusa, ya ce kafin mu isa gari. Shekara talatin da biyu ke nan. Duk zuwan da za ta yi garejina sai na ce zan canja, sai ya ce in bar masa abinsa. Taurin kansa ke nan, da shi ya rabu da kowa.

Fiton da kike ji daga nan yake. Nemi fensir, ki fiƙe shi kaɗan, ki cusa ya matse. In ta ɗauki zafi, ki rage sukurun totur har ki ji tana numfashi kamar mai barci. Ni dai yanzu ko a kaina aka tayar da ita ba zan ji ba, kunnenki za ki yi aiki da shi.

Ki rubuto mini ko ya ci. Tun da takardarki ta farko ta zo ni ma abincin ba ya shiga.

Baffanki

Baffa,

Barka da war haka. Ta zauna!

Baba ya saurara ya fi minti goma. Sai ya ce in buɗe masa gaban motar. Na riƙe shi ya leƙa, ya daɗe yana kallon fensirin. Ya ce, "Mutum ɗaya ne ya san ramin nan bayan ni. Yana ina?" Baffa, mutumin da rabonsa da kiran sunana tun bara, ya kira naka tiryan-tiryan.

Na kawo abinci ya ci rabi. Ya rufe sauran da hannunsa, ya ce na ƙaninsa ne, ya sha aiki, a kira shi ya wanke hannu. Da rana na kawo wani, ya ce sai ka ci naka tukuna.

Na ce masa kana hanya. Direban zai taso daga wurinku gobe da ƙarfe bakwai na safe, na roƙe shi ya bar maka kujerar gaba.

'Yarka,
Auta