Dabbar da Hilda ta turo mini

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Numfashi ya ƙi yau ma. Daga gado zuwa randa sai da na dafa bango. Likita ya ce huhun ne ya tsufa. Na sani.

Laraba, 7 ga Mayu
Jikata Hilda, mai karatun halittun ruwa a Kalaba, ta turo mini bidiyon wata dabbar teku, wai sikwid. Ba ƙashi, jininta shuɗi, zuciya uku. Da rana takan nutse can ƙasa inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, manyan kifayen da ke farautarta ba sa iya daɗewa a can. Sai ta rage motsi, ta rage wutar jikinta, ta ɗan shaƙi abin da ya samu. Na koyar da kimiyya har na yi ritaya, ban taɓa ganin teku ba. Na kalla har caji ya ƙare.

Lahadi, 11 ga Mayu
Ban je coci ba. Kujerar marigayiya matata Selina tana nan yadda ta bar ta. Idan ban motsa ba, iskar takan ishe ni.

Alhamis, 15 ga Mayu
Malam Rabe maƙwabcina ya buga ƙofa, wai dara na jirana a gindin maina. Na yi shiru kamar ina barci. Na ji yana cewa, “To, Ticha, ba zan ƙara damun ka ba.” Tun da na zo Nasarawo muke dara da mutumin nan.

Asabar, 17 ga Mayu
Ba wanda ya buga ƙofa.

Lahadi, 18 ga Mayu
Hilda ta kira. Na ce mata na koyi dabarar dabbarta, na kwanta a ƙasan teku. Ba ta yi dariya ba. “Haba maigida, rabin bidiyon ka gane. Kullum rana ta faɗi sai ta hau sama ta ci abinci. Wadda ta zauna a ƙasa mutuwa take.” Na ce amarya ta fara raina miji. Ta ce in na ƙi fita, saki take so.

Talata, 20 ga Mayu
Zafi ya yi yawa a ɗaki, shi ya sa na fita da la'asar, ba don komai ba. Na huta a dakalin mai shago kafin na ƙarasa. Rabe bai ɗago kai ba, ya dai tura mini tsakuwoyina. Ya cinye ni. Gobe zan rama.