Sai Masu Duba Garke Sun Dawo

Tsibirin Karita, ƙasar Girka
Fabrairu, 2003

Zuwa ga ƙanwata Argiro,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwar taki, yaya yara da jikoki a can Ostareliya? Mu nan lafiya, tumaki sun fara haihuwa, zaitun bana bai kunyata mu ba. Kamar kullum surukata Garifaliya ce ke riƙe da alƙalami, ni kuma da baki. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, ko da ɗanta nake zagi.

Jikana Ruso ya jawo mana magana. Kin san yana aikin sojan ruwa na dole a sansanin bakin teku. An ce ya zuba wa jiragen Amurka mai, waɗanda ke shirin tafiya Iraƙi, sai ya ajiye tiyo ya ce ba da shi ba. Yanzu yana tsare. Babbansu ya aiko cewa in ya ba da haƙuri ya koma bakin aiki za a kashe maganar. In ya ƙi, kotun soja ce da kurkuku.

Ke kin san gidan nan. Ni nake jero sunayen mutanenmu da Jamusawa suka harbe a yaƙin duniya na biyu, duk shekara a ƙofar coci, da ka, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Babanmu na cikinsu. A ce jinin wannan mutum ne ya ji ƙamshin yaƙi ya janye hannu? A shagon kofi tsohon nan Strati ya ce mini, "Sifi, ashe gidanku an koma kiwon kaji?" Na ce masa kazar gidanmu ma ta fi shi gashin baki. An yi dariya, amma na tashi na bar kofina ban sha ba.

Kin ce kin fita zanga-zangar ƙin yaƙi da sandarki. Mun gani a talabijin, Atina, Rum, Madrid, ko'ina titi ya cika. Ni dai ban san ranar da kwalin zanga-zanga ya fara tare harsashi ba.

Tun rasuwar ubansa yaron nan ba ya jin maganar kowa sai tawa. Ranar Lahadi zan je in sa shi ya ba da haƙuri. In kin ga tawada ta baje a nan, hawayen uwarsa ne.

Yayanki,
Sifi

Maris, 2003

Ƙanwata Argiro,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na je na dawo. Na sa baƙar rigata da dogayen takalma, na ɗauki ƙullin cuku. A ƙofa sojoji suka karɓe wuƙar da ke ɗamarata, wai doka. Na ce su riƙe ta da kyau, ta girmi iyayensu.

Ya rame, amma bakin na nan. Yana ganina ya ce, "Tsoho, ka zo aski ne ko yanka?" Na ce, "Na zo in ga matsoracin da ke cin abincin gwamnati a zaune." Na yi masa faɗa iya ƙarfina, bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Kaka, masu duba garke sun dawo?"

Ke da kika bar gida tuntuni bari in tuna miki. A duwatsunmu in an zargi mutum da satar tumaki, dattawa ke zama su tura mutane su duba garkensa, suna bin shaidar mai ita a kunnen kowace tunkiya. Kafin su dawo su faɗi abin da suka gani, ba mai taɓa bindiga. Ni kaina na yi wannan aikin har ƙafafuna suka gaji. Kin tuna kawu Lambro? Da tumakinsa suka ɓace bai jira ba. Ya ce ya san ɓarawonsa, ya tara 'yan'uwa, babanmu kaɗai ya ƙi bin sa, ko alfadari ya ƙi riƙe masa. Aka tofa wa Baba yawu a kasuwa. Lambro ya harbe mutumin, kuma gaskiya mutumin ba na kirki ba ne, kowa ya sani. Bayan ƙanƙara ta narke aka tsinci ƙasusuwan tumakin a kwazazzabo, faɗawa suka yi. Gidaje biyu suka ƙare a kan wannan.

Ni na ba yaron labarin nan a cinyata, ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Su ma ƙasashen duniya suna da zauren dattawansu, Majalisar Ɗinkin Duniya. Sun tura mutane su duba ko mai mulkin Iraƙi ya ɓoye makaman da ake faɗa. Mutanen suna can suna dubawa, sun ce a ƙara musu lokaci, zauren bai ba da izini ba. Ni kuma an ce in riƙe alfadari." Na ce mai mulkin nan azzalumi ne. Ya ce, "Wanda Lambro ya kashe fa, waliyyi ne?"

Daga nan ya ce in na umarce shi zai ba da haƙuri, don ni, ba don su ba. Ya zuba mini ido yana jira. Na tura masa cukun, na ce ya ci, ya rame.

Ban ce na yi kuskure ba, kada ki rubuto mini haka. Tunda ban ba shi umarnin ba, Garifaliya ta daina gaishe ni da safe. Wannan wasiƙar ma sai da fadan coci ya sa baki ta yarda ta rubuta.

Naki,
Sifi

Mayu, 2003

Ƙanwata Argiro,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Safar da kika aiko wa Ruso ta iso, Allah ya saka da alheri. Zai more ta, don ɗakin da yake akwai sanyi.

Yaƙin dai an yi shi, kin gani. Kwalinki bai tare ba, tiyon Ruso ma bai tare ba. Strati bai bar ni na huta ba. "Man dai an zuba, Sifi, wani yaron ya zuba. Me jikanka ya hana?" Na ce babana ma bai hana Lambro harbi ba, amma wa ke sa wa ɗansa suna Lambro a ƙauyen nan yau?

Ranar shari'a na sauka birni tare da Garifaliya. Lauyansa ya yi ta bayani a kan dokar ƙasa da ƙasa, ya ce ba a kai wa ƙasa hari sai don kare kai ko da izinin zauren nan. Alƙalin ya ce shi ba duniya aka kawo masa ba, soja ɗaya aka kawo masa da ya ƙi umarni. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan. Ya tambayi yaron karo na ƙarshe ko ya yi nadama. Ruso ya miƙe kamar itacen al'ul ya ce, "Ranka ya daɗe, in an shigo mana ƙasa, ni ne na farko a bakin teku. Wannan kuwa ba a shigo mana ba." Aka ba shi wata takwas. Argiro, tsayuwar nan na taɓa ganinta, a jikin bangon coci, ranar da Jamusawa suka jera su Baba.

Uwarsa ba ta yi kuka a gabansu ba. A mota ta yi, ta jingina da kafaɗata, na bar ta.

Da muka iso gida na yanka rago. Na ciro bindigar Baba, na hau rufin ɗaki, na yi ta harbi sama irin na ranar aure, har karnukan ƙauye suka rikice. Mutane suka fito da murna, wasu da nasu bindigogin. Strati ne ya fara isowa yana haki, sanda a hannu, ya rungume ni ya ce, "An sake shi ke nan! Barka, tsohon banza." Na ce, "An ɗaure shi. Wata takwas. Zauna ka ci nama."

Strati ya jingine sandarsa. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi bindigar, saura harsashi nawa?

Ki gaida kowa. Ki kula da gwiwar nan, wataƙila a sake buƙatarta a titi.

Yayanki, kakan Ruso,
Sifi