Dirkar da Na Ƙi Cirewa

Ganvie,
wata na biyu da janyewar ruwa.

Zuwa ga ɗana Sejro, a Gabon.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Allah ya tsare ku a kan ruwan can, ya cika muku taru. Ina aiko maka da wannan takarda shekara goma sha huɗu cif da babbar ambaliyar nan da ta sa muka ɗaure jiragenmu a tagar coci, shekarar da aka haifi 'yarka Huefa. Ka san ni da alƙalami ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba. Bidosesi matar ƙanenka ce ke rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko ɗaya. Mutanen gida lafiya. Rassan da ƙanenka ya kakkafa a tafki sun tara kifi bana, mun gode Allah. Uwarka tana gidan kawunka Zannu a Kalabi, ƙafar tana ɗoruwa, ƙunar hannun ta fara bushewa. Maganarta ce ta sa na zaunar da Bidosesi.

Ta gaya maka a waya wai santsi ne ya ɗebe ta. Ba santsi ba ne. Asirina ta rufa, ni kuwa ina zaune a gefen gadonta ina ji, na bar maganar ta wuce a haka. Dandamalin katakon nan na bayan gida da ke tsaye a kan ruwa, inda take bandar kifi, shi ya rufta da ita, da murhu da garwashi da komai, har cikin ruwa. Kuma ba ko'ina ya karye ba, kusurwar gabas ce, wajen dirkar kakanka.

Ka san dirkar. Ubana ne ya kafa ta, daga itacen da yanzu ba a samun irinsa. Kowace shekara in ruwa ya kai iyakarsa sai ya tsaga mata alama da wuƙa, da ya rasu na ci gaba. Tsaga arba'in da ɗaya. Akwai ta shekarar da ruwa ya ƙi hawa, kifi ya mutu. Akwai ta shekarar da na auro uwarka, ƙasa-ƙasa, a karkace. Mutanen unguwa in sun yi gardamar shekarun wani, nan suke turo jirgi a zo a duba.

Ka kuma san yadda ake yi in ruwa ya janye. A shiga ƙarƙashin dandamali da jirgi, a bi dirkoki ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da bayan adda. Mai lafiya ta amsa da ƙarfi, wadda tsutsar ruwan gishiri ta cinye ta ciki ta amsa kamar busasshen duma. Ni na koya muku wannan, ni na koya wa rabin garin nan. To, shekara uku da suka wuce na ƙwanƙwasa dirkar kakanka, ta amsa mini kamar duma. Ƙanenka na riƙe da jirgi, ya ɗago kai ya dube ni. Sai na yi tari, na ce masa kunnensa ne ya sha ruwa. Na kawo baƙin mai na shafe ta har tana ƙyalli. Tun daga ranar in na zo kanta tsallakewa nake yi.

Bara da ka sa aka kawo sababbin dirkoki huɗu da falankai, uku na kafa. Ta huɗun tana nan kwance a ƙarƙashin ɗaki, kaguwa na wasa a kanta. Falankan saman kuwa na sake su duka, na buga sababbin ƙusoshi, wuri ya yi kyau kamar na baƙi, na ce maka a waya an gama. Uwarka ta sha gaya mini kusurwar nan tana lotsawa in ta ɗora tukunya. Na ce mata ita ce ta ƙara nauyi, ta rage agidi da manja. Ta yi dariya ta ce in ta nutse in zo in tsaga wa dirkar alamar shekarar. Wannan dariyar ce take hana ni sukuni yanzu.

Da na je duba ta ranar kasuwa, kawunka Zannu ya tare ni tun a bakin gaɓa, wai ga babban malamin dirkoki ya iso, a kawo masa kujera, amma a fara ƙwanƙwasa ta. Da can da na rama, ka san bakina. Ranar sunkuyar da kai na yi. Uwarka kuwa ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Tambayata ta yi ko na ci abinci, wa ke wanke mini riga. Sai da na miƙe zan tafi ta kira ni da sunan nan da take kirana, tsoho mai kan tukunya, ta ce kifin bandar da ya zube ba ya damunta, ƙafar ma za ta warke. Amma in sani, ranar da za ta dawo, ita da kanta za a shiga da ita ƙarƙashin dandamali da adda a hannu. In ta ji duma ko ɗaya, jirgin da ya kawo ta shi zai mayar da ita, in ya so dirkar ta dinga dafa mini. Shekara talatin da bakwai muna tare, ba ta taɓa bin bayan aikina ba. Yanzu za ta bi, kuma da gaskiyarta.

Jiya na zauna a bakin ramin da ta faɗa, na rufe ido na karanto tsagogin daga ƙasa zuwa sama. Ko ɗaya ban rasa ba. Ashe tuntuni suna cikin kaina, ba don su na bar ruɓaɓɓen itace a ƙarƙashin uwarka ba, don taurin kaina ne. Bidosesi ta ce za ta rubuta su a littafi in na faɗa mata, shekara da shekara. Na yarda, ko da yake ban ga yadda za a duba tsayin ruwa a takarda ba.

Ba na ce ka yafe mini yau ba, ɗana. In ka kira uwarka kada ka yi mata faɗan ƙaryar da ta yi, tawa ce ta ara. Ka gaida matarka Mahunyo, ka gaida Huefa, ka ce mata tsagarta ce ta fi kowace tsayi. Ka gaida Tosu ɗan ƙanwata in kuna haɗuwa a bakin ruwa. Ƙanenka da Bidosesi suna gaishe ku.

Gobe da safe, kafin masu kai kifi kasuwa su wuce, zan jawo dirkar nan ta huɗu in kankare ta. Ta kakanka ni zan tuge ta da hannuna, ba na son kowa ya taya ni. In na kafa sabuwar zan miƙa wa ƙanenka adda ya ƙwanƙwasa, ni kuma in rufe bakina in saurara.

Ni ne ubanka,
Ahuansu.