Amshin Waƙar Mashaya

Zuwa ga Yaya Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Sumayya da ɗalibanka na Islamiyya a can Gwandu. Jikin Baba yana nan jiya i yau. Tun da ɓarin jikin ya shanye harshe bai saku ba, kukumarsa tana rataye.

Yaya, wani attajiri ya fara kewaye mashayar Diggi da waya. Mashayar nan dai da Baba ya sha ɗauri a kanta, don ya yi waƙa cewa ruwa na Allah ne, Bafillace da manomi su sha tare. Ranar Laraba za a zauna gaban hakimi, mutane kuma suna son a rera waƙar. Tsofaffin 'yan amshinsa suna nan, mai jan waƙar ne babu.

Na san ba ka son a ce maka ɗan maroƙi. Amma rawaninka bai canza maka murya ba, ta Baba ce sak. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Rahama, Kalgo

Zuwa ga Yaya Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya karatu? Mun gode Allah.

Ba ka zo ba, kuma na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mun kai Baba a amalanke. 'Yan amshi suka ɗauko amshi, suka yi shiru daidai inda yake shigowa. Wallahi shirun nan ya sa ni hawaye. Sai wata tsohuwar Bafillata ta miƙe, ta rero sunayen shanunta da ƙishirwa ta kashe. Aka amsa mata. Wani masunci ya karɓa, bayansa mai lambu, kowa da kukansa. Rabinsu ba su iya waƙa ba, amma ba wanda ya yi dariya. Hakimi ya ce a dakatar da wayar sai an bincika.

Baba yana ta buga yatsa a gwiwa, amma duk motar da ta tsaya sai ya waiwaya.

Tun shekaranjiya ko kunu ba ya sha. Ba waƙa nake roƙonka ba yanzu. Ka zo ka karanta masa Yasin, muryar yake son ji.

A gaida Sumayya.

Ƙanwarka,
Rahama