Ɗanyun Tukwanen Zenaide

Porto das Garças, Satumba 1984

Zuwa ga matata Zenaide,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya kike, yaya sanyin São Paulo? Yaya 'yarmu Ivonete da jaririnta? Ki shafa mini kansa.

Ɗanyun tukwanen da kika gina kafin tafiyarki suna nan a rumfa. Ƙawarki Jucélia ta ce in kawo ta gasa su tare da nata, tunda damina ta kusa, rumfar kuma tana yoyo. Na ƙi. Ta kira ni tsoho mai taurin kai, wai ruwan sama bai san ina jiran matata ba.

Kin san dalilina. In tukunya ta fito daga wuta ja wur, kowace mace da yadda take tsula mata tsumagiyar da aka tsoma a ruwan ɓawon itace har ta yi baƙi. Tun zamanin da jiragen fatake ke cika gaɓar nan, da bugun ake gane tukunyar gidanku. Yau rumfunan ginin tukwane nawa suka rage a garin? Ba zan bari bugun Jucélia ya hau aikinki ba.

Na shiga kwalekwale na ɓamɓaro ɓawo a fadama, na jiƙa, ya yi ja. Gidan ya yi mini faɗi, Zenaide. Yaushe za ki dawo?

Mijinki,
Valdir

Nuwamba 1984

Zenaide tawa,

Ina gaishe ki, ina miki sannu da jiki, kuma fushi nake yi. Ivonete ta rubuto mini gaskiya: ba reno ne ya riƙe ki ba, hannunki na dama ne ya shanye, kika hana a gaya mini. Wai kunya kike ji ki dawo garin magina babu hannu. Haba Zenaide, hannu na aura?

Ruwa ya sauka ranar Lahadi. Na kwashe tukwanen na jera a kan gadonmu, ni na koma tabarma. Biyu sun narke kafin in kai su.

Jiya na roƙi Jucélia ta koya mini bugu. Matan rumfa suka yi ta dariya, namiji da tsumagiya. Ta ce ina dukan tukunya kamar mai kashe kyankyaso. Amma ita nata bugun za ta koya mini, ni kuwa naki nake so. Ki dawo ki zauna a inuwa, ki yi ta yi mini faɗa har in iya. Na tara itace, amma ba zan kunna wutar ba sai kina zaune.

Naki har kullum,
Valdir